Yadda Ake Tsara Makon Horo Domin Matasa 'Yan Gajeren Tsere

Gabatarwa

Kowace shekara idan zango na biyu ya kama, aka kafa sanarwar ranar gasar gidaje, sai filin wasa ya cika. Yaran da rabonsu da fili tun watan Satumba, sai ga su kullum da yamma suna zagaya shi sau goma, kyaftin na biye da su yana tsawa. Kafin mako biyu wannan yana ɗingishi, wancan cinya ta riƙe, wata kuma ta ce ita ta fasa. Ranar gasa kuwa, ba lalle ne a ga waɗanda suka fi kowa shan wahala a kan gaba ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan darasi domin malaman gidaje ne da kyaftin-kyaftin, da duk ɗalibin da ke son gudun mita 100, 200, 400 ko gudun miƙa sanda, waɗanda a dunƙule muke kira gajeren tsere. Iyaye ma za su ƙaru, domin wani babban sashe na aikin a hannunsu yake, wato barci da abinci. Abu guda nake so mu riƙe tun daga nan: mai gajeren tsere yana koyon sauri ne a lokacin da ƙafafunsa ba su gaji ba, kuma jikinsa yana ginuwa ne a ranakun da ya huta. Saboda haka tsara mako shi ne sanin ranar da za a matsa da ranar da za a sassauta.

1. Abin da ke faruwa a jikin mai gudu

Jiki yana da hanyoyi uku na ba tsoka ƙarfi. Ta farko kamar wutar kara take, nan da nan ta tashi sama, nan da nan ta mutu. Wani sinadari ne da ke ajiye cikin tsoka, masana na kiransa fosfokiriyatin. Idan mutum ya zuba iyakar gudunsa, wannan ajiya ba ta wuce daƙiƙa 6 zuwa 10. In ya tsaya, rabinta kan dawo cikin kamar daƙiƙa 30, amma kafin ta cika sai an yi minti 3 zuwa 5. Hanya ta biyu ita ce ƙona sukarin da ke cikin tsoka da gaggawa. Ita ce ke ɗaukar mai gudun mita 200 da 400, ita ce kuma ke barin ƙafafu da zafi da nauyi a mita ɗari na ƙarshe. Ta uku ta numfashi ce, kamar wutar gawayi, ba ta da ƙarfin tashi amma tana daɗewa. Da ita ake dogon gudu, kuma ita ce ke sake cika ajiyar farko yayin hutu.

Ban da tsoka akwai jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa. Ƙafar gwanin tsere ba ta cika kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a ƙasa kafin ta tashi. Jijiyoyi ne ke koyon wannan hanzari, kuma abin da aka saba masu shi suke riƙewa. Yaron da kullum yake gudu a gajiye yana jan ƙafa, jan ƙafa jikinsa ke koyo.

Ga misali. A birnin Balin na Jamus, a shekarar 2009, Usain Bolt na Jamaika ya gama mita 100 cikin daƙiƙa 9.58, da taku 41. Tsakanin mita 60 da 80 ya kai iyakar saurinsa, fiye da kilomita 44 a awa, daga nan shi ma ya ɗan ragu. Ɗalibin sakandare kuwa yakan kai iyakarsa tun wajen mita 30 ko 40. Ashe ke nan tseren mita 100 kashi uku ne: tashi da ɗaukar gudu, kaiwa iyakar sauri, da riƙe saurin kada ya zube da wuri. Kowane kashi yana bukatar ranarsa a cikin mako.

2. Ƙa'idoji huɗu na tsara mako

Ta ɗaya: rana mai nauyi, rana mai sauƙi. Rana mai nauyi ita ce wadda aka yi gudu da kusan dukan ƙarfi, kashi 95 cikin 100 ko fiye. Rana mai sauƙi ita ce wadda ba a wuce kashi 75 ba. A bar awa 48 tsakanin ranaku biyu masu nauyi. Wanda ya fi yaɗa wannan tsari shi ne Charlie Francis, mai horarwa ɗan Kanada. Sunansa ya ɓaci bayan an ƙwace zinariyar ɗan wasansa Ben Johnson a gasar Olamfik ta 1988 saboda amfani da haramtaccen magani, kuma wannan abin kunya ne da ba a mantawa. Amma tsarin nauyi da sauƙi masu horarwa da yawa sun gwada sun ga amfaninsa, ba ruwansa da ƙwaya.

Ta biyu: hutu tsakanin gudu da gudu. Ma'aunin da masu horarwa suka saba da shi shi ne minti ɗaya ga kowace mita 10 da aka yi da cikakken ƙarfi. Wanda ya yi mita 30 ya huta minti 3. Kyaftin da ya ga yara suna tsaye kada ya ɗauka lalaci ne, ajiyar nan ta farko ce ake jira ta cika.

Ta uku: sauri kafin gajiya. A kowace rana, bayan ɗumama jiki, aikin da ya fi bukatar hanzari shi ke zuwa farko. Aikin ƙarfi da duk wani abu mai gajiyarwa ya biyo baya.

Ta huɗu: ƙari kaɗan-kaɗan. Kada a ƙara yawan gudu da tsawonsa a mako guda. A ƙara ɗaya, a bar ɗayan yadda yake. Sauri kan haifi nawa.

3. Ɗumama jiki

Babu ranar horo da za a fara ba tare da wannan ba, kuma yakan ci minti 15 zuwa 20. A fara da sassarfa ta minti 5. Sai motsa gaɓoɓi ana tafiya: wurga ƙafa gaba da baya, juya ƙugu, dogon taku ana ɗan durƙusawa, juya kafaɗu. Sai darussan taku a kan mita 20, kowanne sau biyu: ɗaga gwiwa ana tafiya, ɗaga gwiwa ana ɗan tsalle, da gudu da gajeren taku mai sauri. A rufe da gudun mita 50 sau uku, na farko a hankali, na biyu ya fi shi, na uku kusa da cikakken gudu. Miƙar da ake tsayawa a riƙe ƙafa na tsawon lokaci a bar ta sai an gama horo.

4. Jadawalin manyan aji, shekara 15 zuwa 18

Kafin komai a auna filin. Filayen makarantu ba tsawonsu ɗaya ba, saboda haka a sami igiya mai mita 10 daidai, a ja layi da toka ko farar ƙasa a mita 10, 20, 30, 50, 100 da 120. A tsince duwatsu da ƙaya, a cike ramuka.

Litinin, rana mai nauyi: tashi da ɗaukar gudu. Mita 10 sau huɗu, hutu minti 1. Mita 20 sau huɗu, hutu minti 2. Mita 30 sau uku, hutu minti 3. Jimla mita 210 ke nan, kuma ya isa. A riƙa sauya yadda ake tashi: daga tsaye, daga kwance rub da ciki, daga durƙuso da hannu ɗaya a ƙasa. Abin lura shi ne jiki ya karkata gaba, ƙafa ta tura ƙasa baya da ƙarfi, hannuwa su yi aiki sosai, kada yaro ya ɗaga kai ya miƙe tun a taku na uku. Bayan haka tsalle daga tsaye da ƙafa biyu, sau shida, a kan yashi ko ciyawa. Idan yara talatin ne, a jera su layi biyar, shida-shida. Kafin layi ya zagayo, hutun ya kusa cika da kansa.

Talata, rana mai sauƙi. Gudun mita 100 sau takwas a kan ciyawa, da kashi 70 cikin 100 na ƙarfi, a dawo da tafiya. Ga yadda ake lissafin: a raba lokacin da ɗalibi ya fi yi da 0.7. Wanda ke yin mita 100 cikin daƙiƙa 12.6 zai yi na yau cikin daƙiƙa 18. Wadda ke yin 14 za ta yi 20. Wahalar wannan rana guda ce, yara ba su son a wuce su, sai su mayar da ita tsere. Malam ya tsaya da agogo ya hana. In an mayar da Talata tsere, an kashe Laraba. Bayan gudu sai aikin ƙarfi da nauyin jiki: tsugunna-tashi sau 12, kifa ciki a ɗaga jiki da hannuwa sau 10, kwanciya rigingine a ɗaga ƙugu sau 12, tokare jiki da gwiwar hannu a miƙe kamar katako na daƙiƙa 30. A zagaya sau biyu ko uku.

Laraba, rana mai nauyi: iyakar sauri. A sa alama biyu, ɗaya a mita 30, ɗaya a mita 50. Ɗalibi ya taso yana ƙara gudu a hankali har ya iso alamar farko, daga nan ya saki dukan saurinsa cikin mita 20 da ke tsakanin alamun, sannan ya rage a hankali, kada ya taka birki. Sau huɗu, hutu minti 5. A nan jiki a miƙe yake, ƙugu a sama, ƙafa tana sauka ƙarƙashin jiki, fuska da kafaɗu a sake. Wanda ya cije haƙora ya ɗaure wuya ya rage wa kansa gudu. A ƙarshe a yi minti 15 ana koyon miƙa sanda. Tun daga shekarar 2018 wurin miƙa sanda a gudun mita 100 sau huɗu mita 30 ne, kuma dole sanda ta sauya hannu a cikinsa. Wannan gudu ya taɓa fitar da Nijeriya kunya: a Olamfik ta 1992 a Barsalona maza sun ci azurfa, mata kuma, ciki har da Mary Onyali, sun ci tagulla. Gida mai yara huɗu matsakaita da suka iya miƙa sanda yakan doke gida mai gwanaye da ba su taɓa gwadawa tare ba.

Alhamis: hutu. Babu gudu. Mai so ya yi miƙa ta minti 10.

Jumma'a, rana mai nauyi: riƙe sauri. 'Yan mita 100 da 200 su yi mita 120 sau uku, hutu minti 12. 'Yan mita 400 su yi mita 300 sau ɗaya, su huta minti 15, su yi mita 200. Wannan ita ce ranar da ta fi cin jiki, shi ya sa aka sa Alhamis gabanta, aka kuma sa kwana biyu marasa nauyi bayanta. Daga bisani a yi aikin bayan cinya, gama nan ne 'yan tsere suka fi samun rauni: ɗalibi ya durƙusa a kan ciyawa, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa sunkuyawa gaba a hankali jikinsa a miƙe, har ya tare ƙasa da hannu. Sau huɗu ya isa ga mai farawa, domin yana sa tsamin jiki a makon farko.

Asabar, rana mai sauƙi. Wasan raga, tsallen igiya, ko sassarfa ta minti 15 da miƙa. Idan an yi aikin sassabe ko sharar makaranta da safe, wannan ya wadatar.

Lahadi: cikakken hutu. Bayan sujada a ci abinci, a kwanta.

Mai karatu zai lura cewa duk gudun da aka yi da cikakken ƙarfi a mako bai kai zagaye uku na fili mai mita 400 ba. Haka ya kamata. Akwai kuma doka guda da ta hau kan dukan lambobin nan: in agogo ya nuna yaro ya fara raguwa sosai, ko takunsa ya lalace, aikinsa na ranar ya ƙare, ko da saura biyu a takarda.

5. Jadawalin ƙananan aji, shekara 11 zuwa 14

Waɗannan ba a ba su rabin aikin manya kawai a ce an gama. Nasu tsarin dabam ne. Kwana uku a mako ya ishe su, kowace rana kada ta wuce minti 45 zuwa awa ɗaya.

Litinin: ɗumama jiki, darussan taku, tseren mita 10 zuwa 20 sau shida daga zaune ko kwance, da wasan kama-kama.

Laraba: tsalle-tsalle, jifa, aikin ƙarfi da nauyin jiki, da langa ko wani wasa mai sa a tsaya da ƙafa ɗaya.

Jumma'a: mita 30 zuwa 40 sau huɗu da cikakken hutu, sai miƙa sanda a gajeren zango.

Kada a sa su maimaita mita 300 ko 400 har su yi amai. Kada kuma a yi amfani da tsallen kwaɗo ko zagayen fili a matsayin hukunci, domin yaron da aka hukunta da gudu zai tsani gudu. A bar su su yi ƙwallo da sauran wasanni. Bolt ya yi wasan kurket da ƙwallon ƙafa yana yaro, kafin ya ci mita 200 a gasar matasa ta duniya a 2002 yana da shekara 15. Chioma Ajunwa ta buga wa Nijeriya ƙwallon ƙafa kafin ta ci zinariyar dogon tsalle da mita 7.12 a Olamfik ta 1996. A wannan shekaru yaron da ya riga tsaransa girma shi ke cin tsere. Bayan shekara uku labari kan sauya, saboda haka kada a kori ƙaramin da ya zo na biyar.

6. Daga mako zuwa zango

Mako ɗaya ba ya yin ɗan tsere. Ana bukatar kamar mako 12, kuma daga ranar gasa ake ƙirgawa a dawo baya. A ce gasar gidaje a makon farko na Maris take. Sai a yi mako huɗu na share fage a watan Nuwamba, kafin jarrabawa: yawan aikin ƙarfi da gudun sauƙi, tashi na mita 10 zuwa 20, da hawan ɗan tudu in akwai. Ranaku masu nauyi biyu kawai. Lokacin hutun Kirsimeti kowa ya tafi gida da 'yar takarda: aikin ƙarfi sau biyu a mako, gudun sauƙi sau biyu. Da an dawo a Janairu, makon farko a bi a hankali, sannan a shiga jadawalin da ke sama sosai. Makonni huɗu na ƙarshe a rage aikin ƙarfi, a riƙa gwajin tsere ranar Jumma'a, mako ɗaya a yi, mako ɗaya a bari.

Kowane mako na huɗu a rage yawan aiki da kashi ɗaya cikin uku. Sau da yawa a makon da ya biyo bayan wannan ragi ne ake ganin lokacin yaro ya inganta.

Wannan ne sirrin ƙasashen da suka yi fice. Jamaika ba ta kai mutum miliyan uku ba, amma gasar makarantun sakandarenta, wadda aka fara tun 1910, ita ce ta yaye yawancin gwanayenta, kuma makarantun sukan shafe watanni suna shiri dominta.

7. Makon gasa

A nan ne aka fi yin ɓarna, domin tsoro kan sa a ninka aiki. Abin da ba a samu cikin mako goma sha ɗaya ba, ba za a same shi cikin kwana biyar ba. A rage yawan gudu da rabi, a bar saurin yadda yake. In gasa ranar Asabar ce:

Litinin: mita 30 sau uku, mita 80 sau ɗaya.
Talata: gudun sauƙi, mita 100 sau huɗu.
Laraba: tashi da usur, mita 20 sau huɗu, da miƙa sanda.
Alhamis: hutu.
Jumma'a: ɗumama jiki kawai.
Asabar: gasa.

A koya wa yara jiran ƙarar tashi. Tun daga 2010, a dokar duniya, wanda ya riga bindiga sau ɗaya an fitar da shi. Bolt kansa haka ta same shi a tseren ƙarshe na mita 100 a gasar duniya ta 2011 a Koriya ta Kudu. Kada kuma gida ya ɗora wa yaro ɗaya mita 100, 200, 400, dogon tsalle da miƙa sanda biyu a yini guda saboda neman maki. Kofi na shekara ɗaya ne, ƙafar kuwa da ita zai yi sauran rayuwarsa.

8. Abubuwan da ke sa a sauya jadawali

Sauran ayyuka. Jiki bai san bambancin horo da noma ba. Wasan ƙwallo na minti 90 rana ce mai nauyi, washegari sai sauƙi. Ɗalibin jeka-ka-dawo da ke tafiyar kilomita biyar a ƙasa, ko mai ɗiban ruwa da aikin gona, a rage masa gudun Talata. Likitocin wasannin yara suna ba da shawara cewa awoyin horo a mako kada su wuce yawan shekarun yaro, kuma ya sami kwana ɗaya ko biyu na hutu.

Yanayi. Da hunturu tsoka kan yi sanyi, sai a ƙara minti 5 a ɗumama jiki, a bar rigar sanyi a jiki lokacin hutu. Ranar da ƙura ta yi yawa, masu asma su zauna. Daga Maris zuwa Afrilu zafi kan haura digiri 40 a wurare irin su Sakkwato, Maiduguri da Yola. A lokacin nan kada a fara kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, kuma ruwan sha ya kasance a bakin fili. Mai azumi a ba shi aikin sauƙi.

Rashin lafiya. Mai zazzaɓi ba ya horo sam. Bayan zazzaɓin cizon sauro ya gama maganinsa, ya yi kwanaki yana aikin sauƙi kafin ya koma mai nauyi.

Jinin sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar a Nijeriya yana da rukunin jini AS. Mai AS yana iya tsere, har ya zama gwani. Amma gudu mai tsanani da ake maimaitawa ba hutu, musamman cikin zafi da ƙishirwa, yana iya kayar da shi, wani lokaci har ya kai ga rasa rai. Malam ya san rukunin jinin yaransa. Yaron da ya ce ƙafafunsa sun mutu, ko bayansa na ciwo, ko numfashinsa ya sarƙe, a tsayar da shi nan take, a kai shi inuwa, a nemi ma'aikacin lafiya. Mai SS kuwa sai da izinin likita.

Girma. 'Yan mata kan yi saurin tsawo wajen shekara 11 zuwa 12, maza wajen 13 zuwa 14. A lokacin ƙashi kan riga tsoka tsawo, sai a ji ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a dunduniya. A rage tsalle da gudu a kan busasshiyar ƙasa. Tsamin jiki da ya kama ƙafafu biyu ya wuce cikin kwana biyu ba abin damuwa ba ne. Ciwon da ya tsaya wuri guda, ko ya zo farat ɗaya kamar an soki mutum, ko ya sa ɗingishi, wannan na asibiti ne.

9. Barci da abinci

Mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Ɗalibin da ya raba dare yana karatu ko latsa waya ya zubar da rabin abin da ya samu a fili. A makon jarrabawa a koma ranaku biyu kawai.

Abincinmu na gida ya isa: tuwo, shinkafa, doya ko dankali domin ƙarfi, wake, gyaɗa, ƙwai, kifi da nono domin gina tsoka, zogale, alayyafo da 'ya'yan itace domin lafiyar jini. 'Yan mata su fi kula da wannan na ƙarshe, gama ƙarancin jini yana kawo kasala da haki. A ci abinci awa biyu ko uku kafin horo. In fitsari ya yi duhu, ruwa bai isa ba.

Game da ƙwayoyi, magana ɗaya ce: babu. Taramol da wasu matasa ke sha wai don kada su gaji yana ɓoye ciwo har rauni ya yi muni, yana kama mutum ya kasa bari, kuma tun Janairun 2024 yana cikin magungunan da aka haramta a lokacin gasa a duniya.

10. Littafin horo

Kowane ɗan tsere ya ware littafi ɗaya. Kullum ya rubuta kwanan wata, abin da ya yi, lokacin da agogo ya nuna, awoyin barcinsa, da inda ke masa ciwo. Da safe kafin ya sauko daga gado ya ƙirga bugun zuciyarsa na minti ɗaya. In ya ga ya haura yadda ya saba da kamar bugu 10, alama ce ta gajiya ko zazzaɓi na tafe, sai ya gaya wa malam. Sau ɗaya a wata a gwada abu uku: mita 30 daga tsaye, mita 120, da tsalle daga tsaye. Mutum ɗaya ya riƙa riƙe agogon, a wuri ɗaya, domin awon ya yi daidai. Da wannan littafi yaro zai ga yana gaba ko da bai taɓa zuwa na ɗaya ba.

Kammalawa

Wannan jadawali ba ya bukatar takalmi mai ƙusa ko filin roba. Igiya, toka, usur, agogo da littafi sun isa. Abin da ya fi wuya shi ne malam ko kyaftin ya iya cewa "ya isa haka" alhali yara suna da sauran ƙarfi, ya kuma tsare ranar hutu kamar yadda yake tsare ranar aiki. Ina roƙon malaman gidaje su zauna da kyaftin-kyaftin tun a zango na farko, su rubuta jadawalin gidansu, su manna shi a allon sanarwa inda kowa zai gani.

Tambayoyi domin nazari

1. Me ya sa ake barin awa 48 tsakanin ranaku biyu masu nauyi?
2. Ɗalibi ya yi mita 40 da cikakken ƙarfi. Minti nawa zai huta?
3. Wata tana yin mita 100 cikin daƙiƙa 13.3. Cikin daƙiƙa nawa za ta yi gudun Talata?
4. An sa wasan ƙwallo ranar Talata, kuma ɗan tserenku yana ciki. Yaya za ku gyara masa sauran makon?
5. Faɗi alamu uku da za su sa a tsayar da yaro daga horo nan take.